Daga jiƙaƙƙen burodi zuwa toshiyar baki: tambayoyi da amsoshi kan kalmomin Ingilishi na rashawa da na jiƙo

A Garwa, nan arewacin Kamaru, in ka ce "Turanci" sai an tambaye ka wanne, domin yawancinmu da Faransanci muka fara cin karo a makaranta. Ni Ingilishi nake koyarwa bayan La'asar. Ajina ya haɗa 'yan makaranta masu shirin jarrabawa, da direbobin da ke bin hanyar Yola da Mubi, da 'yan kasuwa, da iyaye mata masu son karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin magani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ba a shekara ba a sake yi mini su ba.

Malam, me ya haɗa cin hanci da jiƙa abu a ruwa har suka shiga darasi ɗaya?

Kalma ɗaya ce ta fara haɗa su, wato *sop*. Asalinta gutsuren burodi ne da aka tsoma a romo ko madara har ya jiƙe, daga baya ta koma nufin ɗan abin da ake miƙa wa mutum don ya yi shiru. Cikakken bayaninta na nan tafe a ƙasa. Ba Ingilishi kaɗai ya yi wannan haɗin ba. Bafaranshe in ya ce *arroser*, ban ruwa yake nufi, irin na lambu, amma da ita dai yake cewa an ba jami'i cin hanci. *Pot-de-vin* da muke ji a labaran rediyo tulun giya ne in an fassara shi kai tsaye. Ita kanta "rashawa" daga Larabci muka aro ta, kuma malaman lugga sun ce tushenta ɗaya da *risha'*, igiyar gugar da ake zurawa rijiya don a kai ga ruwa.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk wadda ta taɓa jiƙa wake ya kwana ta san abin da ruwa ke yi wa abu mai tauri. Abin da mai ba da rashawa ke nema ke nan: mutumin da ya kamata ya tsaya ƙyam kan doka ya yi laushi a hannunsa.

Mene ne bambancin bribe da bribery da corruption?

*Bribe* shi ne abin da aka miƙa, kuɗi ne ko rago ko buhun shinkafa. Ana ƙirga shi: *a bribe*, *two bribes*. Kalmar tana zama aikatau kuma, kamar *he bribed the clerk*, ya ba akawun cin hanci. *Bribery* sunan laifin ne gaba ɗaya, ba a ce masa *a bribery*. Shi kuwa *corruption* rumfa ce babba wadda ta rufe cin hanci, da son kai wajen ɗaukar aiki, da sama da faɗi da dukiyar jama'a. Mu da muka biyo ta Faransanci mukan zuba *corruption* ko'ina, alhali sau da yawa Bature ɗan Ingila *bribery* zai ce. Wawure kuɗin hukuma, wanda jaridunmu ke kira *détournement*, sunansa *embezzlement*. Galibin manyan da aka kama a Opération Épervier, farautar masu wawure dukiyar gwamnati a Kamaru, tun daga 2006 a kan wannan aka tuhume su. Lokacin da ƙungiyar Transparency International ta ajiye Kamaru a can ƙarshen jerinta a 1998 da 1999, babbar rumfar ta auna, wato yadda ake kallon *corruption* a ƙasar.

Ku kula da aikatau. Bahaushe "ci" yake yi, shi ya sa ɗalibai ke rubuta *he ate a bribe*, wanda mai duba jarrabawa zai ja masa jan biro. Mai karɓa *take* ko *accept* yake yi, mai bayarwa kuma *offer* ko *pay*. *Collect bribe* da ake ji a tsallaken iyaka ya zauna a bakin mutanen Najeriya, amma a rubutu ku riƙe *take a bribe*.

Na ga kalmar bribe a littafin Faransanci, kuma ba rashawa take nufi ba. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. A Faransanci *des bribes* guntaye ne, ɓarɓashin abu. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta *I heard bribes of their conversation*, tana nufin ta tsinci guntayen hirarsu. Ta fassaro Faransancinta daidai, sai dai a Ingilishi jimlar ta watse. *Snatches* ko *scraps* ya kamata ta sa.

Kakarsu ɗaya. A tsohon Faransanci *bribe* gutsuren burodi ne da ake ba mabaraci. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 da ma'anar abin sata ko abin da aka tatsa daga hannun mutane, sai a ƙarni na 16 ta zauna kan ma'anar da muka sani yau. Faransanci ya riƙe gutsuren, Ingilishi ya riƙe laifin. Ga shi kuma mun sake cin karo da burodi, kamar yadda yake a tarihin *sop*.

To ita sop ɗin, yaya ake amfani da ita?

Da ma'anarta ta farko ba kasafai za ku ji ta ba yanzu, sai a 'ya'yanta. *Sop up* shi ne ka suɗe miya da burodi ko ka tsane ruwa da tsumma. *Sopping wet* shi ne jiƙewa sharkaf, irin ta ɗan acaɓan da ruwan Agusta ya tare a gadar Binuwai. *Milksop* zagi ne ga namijin da ba shi da katabus, an kwatanta shi da burodin da ya sha madara. Wanda ya san karin maganar Faransawa *trempé comme une soupe* ya riga ya san wannan hoton, domin *soupe* a da yankan burodin da ake zuba wa romo ne. Daga can *soup* ta fito.

Ma'ana ta biyu ce ta cika jaridu: *the committee was a sop to the angry traders*, wato an kafa kwamitin ne kawai don a lallashi 'yan kasuwar da suka fusata. Abu uku ke tattare da ita. Abin da aka bayar ƙarami ne, wanda aka ba yana cikin fushi ko yana iya ta da ƙura, kuma babbar buƙatarsa tana nan ba a biya ba. Ba lallai ya zama laifi a gaban kotu ba, a nan ta rabu da *bribe*. Ta fi kusa da toshiyar baki. Wani ɗalibi ya taɓa kawo "romon baka", na kuwa yaba masa, tun da ga romo nan a duka biyun. Sai dai romon baka magana ce zalla, *sop* kuwa akwai ɗan abin da ya shiga hannu.

Masu karatun adabi za su haɗu da *a sop to Cerberus*. A tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa Cerberus kare ne mai kai uku da ke gadin ƙofar duniyar matattu. Mawaƙin Rum Virgil ya ba da labarin yadda aka jefa masa wainar zuma mai maganin barci, ya haɗiye, ya ɓingire, aka wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gadin da ya ƙi buɗe ƙofa ya gane abin da ake nufi.

Sop, soap, soup: a kunnena duk ɗaya ne.

*Sop* gajeren wasali gare ta, baki a buɗe. *Soap*, sabulu, ana jan ta kamar za a ce "sou". *Soup*, miya ko romo, "suu" ce. Harafin ƙarshe ne ke ba mu wahala mu Hausawa, sai ya sulale ya koma "f", mai sauraro ya ji *soft*. Ku haɗe leɓɓa gam kafin ku saki iska. Sabulu dai ba dangin sauran biyun ba ne, kama ce kawai.

Soak, steep, dip, dunk, drench, immerse: duk "jiƙa" na gani a ƙamus. Wacce zan ɗauka?

Ku tambayi kanku abu biyu: tsawon wane lokaci abin ya yi a ruwan, kuma me ake nema da shi. *Soak* ita ce uwa. Abu ya daɗe a ruwa har ya sha, kamar wake, ko geron kunu, ko kayan wanki masu dauɗa. Garin rogon da ɗalibai ke jiƙawa da sukari da gyaɗa ma *soak* ake yi masa. *Steep* kuwa ba laushin abin ake nema ba, amfaninsa ake so ya fita ya shiga ruwan: zoɓon da muke kira *foléré* a nan, da tsamiyar kunu, da sassaƙen da ake tsumawa. Jiƙo ko tsimin da ya fito shi ne *infusion*. Masu shayinmu da ke tafasa ganye a buta a kan gawayi *boil* ko *brew* suke yi. Wanda ya zuba ruwan zafi a kofi ya bar ganyen a ciki na tsawon minti 3 zuwa 5, shi ne ya yi *steep*. Akwai wata *steep* dabam mai nufin tudu mai wuyar hawa, daga ita ake cewa *a steep price*, farashin da ya yi tsada. Kada ku haɗa su.

*Dip* tsomawa ce a cire nan take, kamar lomar tuwo a miya. *Dunk* ƙanwarta ce ta hira, an fi yi wa burodi ko biskit a shayi. *Immerse* nutsarwa ce gaba ɗaya, ba a bar ko kunne a waje ba. *Drench* daga sama ruwan ke zuwa, kuma da yawa, mutum ya jiƙe jagab.

Mu masu sana'a fa? Kilishi, jima, igiyar rama, wace kalma ce tamu?

Mai kilishi yakan so ya rubuta *marinated* a jikin ledarsa. *Marinate* shi ne ɗanyen nama ya yi sa'o'i ko ya kwana a ruwan kayan yaji kafin ya ga wuta. Kilishi kuwa sai an shanya shi ya bushe, a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sannan a gasa. *Dipped* ko *coated* ya fi faɗin gaskiyar aikin. Ruwan gishirin da ake adana abinci a ciki sunansa *brine*.

Majeman Marwa, waɗanda fatarsu ta yi suna a ƙasar nan, suna *soak* ɗin fata a ruwan toka har gashin ya saki, sannan ta shiga ruwan bagaruwa, wanda shi ne *tanning* ɗin kansa. Marina *dip* suke yi wa ƙyalle a baba, su ɗaga ya sha iska, su sake tsomawa. Akwai kuma wata 'yar kalma da na fi ƙauna, *ret*. Ita ce jiƙa karan rama a tafki na kwanaki har ɓawon ya fara ruɓewa, a sami damar saɓule zaren. Dangin *rot* ce, ruɓewa, kuma Faransawa *rouir* suke ce mata. Wanda ya taɓa wucewa ta bakin tafkin da aka jiƙa rama, hancinsa ya riga ya koya masa ma'anarta.

A jikin kaya da magungunan da ke shigowa daga Najeriya, waɗanne kalmomi ne kuskurensu ke da haɗari?

*Dissolve* narkarwa ce, garin ya ɓace a ruwan. Gishirin zawon yara, alal misali, ana narkar da ƙunshi ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, sai in an rubuta wani ma'auni dabam a jikinsa. *Dilute* sirkawa ce, a ƙara wa abu mai ƙarfi ruwa, kamar maganin feshin auduga. *Rinse* ɗauraya ce. *Do not immerse* a jikin butar lantarki na nufin kada a nutsar da ita a ruwa, a goge ta da ɗanyen tsumma kawai. *Soak overnight* a jikin ledar iri kuwa, a jiƙa ya kwana. Hajiya, in kin ga *for external use only*, na shafawa ne ko na gasawa, ba na sha ba.

Shin kalmomin jiƙo na shiga zancen almundahana kai tsaye?

Sosai ma. *Steeped in corruption* ana faɗa wa ma'aikatar da ta tsumu a ɓarna har ta zame mata jiki. *He dipped into the funds*, ya tsoma hannu a asusun da aka ba shi amana. Faransanci na da *tremper dans une affaire*, mu kuma mu ce hannunsa dumu-dumu a ciki. *Soak* a bakin 'yan Amurka takan nufi tsawwala wa mutum kuɗi, kamar *soak the rich*, a lafta wa masu hali haraji. *Money laundering*, wato *blanchiment*, wanke kuɗin haram ne don su fito kamar na halas.

*Slush fund* na da tarihi mai daɗi. A jiragen ruwan da, naman da aka adana da gishiri ake dafa wa ma'aikata. Maiƙon da ke tasowa saman tukunya shi ne *slush*. Kuku ya riƙa kwalfe shi yana tarawa, in an isa gaɓa a sayar, kuɗin su zama na ƙananan buƙatun 'yan jirgi. Yau kalmar na nufin ɓoyayyen asusun da kamfani ko 'yan siyasa ke ajiyewa, ba ya cikin littafin lissafi, daga cikinsa ake biyan *bribes*.

Ni dillali ne. La'adata kickback ce?

A'a, Alhaji, matuƙar mai saye da mai sayarwa sun san da ita. La'ada *commission* ce, ladan aikin da aka yi a fili. *Kickback* shi ne wanda ya ba da kwangila da kuɗin da ba nasa ba, sannan ɗan kwangila ya maido masa da wani kaso ta bayan fage; Faransanci ya ce *rétrocommission*. Inda cutar take, an riga an cusa kason cikin farashi, ko an rage siminti don a fitar da shi. Ajin makarantar da ya tsage tun daminar farko, sau da yawa can aka ci rabonsa.

Tukwici *tip* ne, kyauta kuma *gift*. A nan ɗalibai suka fi ja da ni, su ce ai gaisuwa al'adarmu ce. Haka ne, ba na musu. Amma ma'aunin da Manzon Allah (SAW) ya ba mu ya wadatar. Da wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, sai aka tambaye shi me ya hana ya zauna a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta iske shi. Abin da kujera ta jawo, ba mutumin ba, Ingilishi ma *bribe* yake kiransa ko da an naɗe shi a takardar kyauta.

Gombo, tchoko, dash, kola: Ingilishi ne? Zan iya rubuta su a jarrabawa?

*Gombo* da *tchoko* namu ne na Kamaru. Gombo kuɓewa ce, kuma kowa ya san aikin yauƙinta wajen wucewar loma. Abin da ɗan Ingila ke nufi ke nan da *grease someone's palm*, a shafa wa tafin hannunsa maiƙo, Bafaranshe kuma *graisser la patte*. *Dash* da *kola* na Afirka ta Yamma ne. *Kola* ɗin ma "na goro" ɗinmu ne ya sa kwat. *Brown envelope* ambulan ɗin da ake miƙa wa ɗan jarida ne. Za a gane ku da su a Bamenda ko Yola, amma a jarrabawa ko takardar ofis ku tsaya kan *bribe*.

Su ma Turawan suna da nasu na kaikaice. *Backhander* da *bung* na Ingila ne, *graft* ya fi yawa a Amurka. *Sweetener* abin zaƙaƙa ciniki ne, *hush money* kuɗin rufe baki kan wani asiri. *Payola* ta yi tashe ne a Amurka wajen 1959, lokacin da aka bankaɗo cewa kamfanonin faifai na biyan masu gabatar da shiri a rediyo a ɓoye don su riƙa saka waƙoƙinsu. Ina koyar da waɗannan ne don kunnenku ya kama su in an faɗa. Duk kansu mayafi ne da ake lulluɓa wa abu ɗaya don kada mai faɗa ya ji nauyin bakinsa, kuma ba na so ɗalibina ya saba da lulluɓin.

Abin da ake karɓa a hannun direba a shinge, bribe ne shi ma?

Ya danganta da wanda ke da gaskiya. Wani direba a ajina ya ba mu labarin ranar da ya ɗauko albasa, takardunsa cikakku, aka ajiye shi a wani shinge tun hantsi har azahar, an riƙe takardun, ba a ce ya yi laifin komai ba. Yana kallon buhunan na gumi a rana, sai da ya zaro jaka biyu aka miƙo masa su ta taga. Wannan *extortion* ne, tatsa da ƙarfin iko, a bakin 'yan Amurka *shakedown*. Da a ce inshorarsa ta ƙare ne ya miƙa kuɗin don a kau da kai, to *bribe* ne tsantsa, kuma shi da mai karɓa duk sun shiga. Dokar Kamaru na hukunta mai bayarwa da mai karɓa, hadisi ma ya la'anci su biyun. Ban ɗora wa direban farko laifin na biyu ba, kuma ina so ku riƙe bambancin domin in za ku kai ƙara, kalmar da kuka zaɓa ita ce ke nuna matsayinku.

Ina aiki da wata ƙungiyar waje, na ga facilitation payment a takardar ƙa'idojinsu. Mene ne?

Ɗan kuɗin da ake ba ƙaramin ma'aikaci don ya hanzarta aikin da dama haƙƙinka ne, kamar buga hatimi ko fitar da kaya. Ana kuma ce masa *grease payment*, ga maiƙon da aka yi bayani a sama ya sake dawowa. Dokar Amurka kan rashawa a ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1977, ta bar masa 'yar ƙofa. Dokar Birtaniya ta 2010 ba ta bari ba, ta lissafa shi cikin cin hanci. Shi ya sa yawancin ƙungiyoyi ke hana shi baki ɗaya, kuma ma'aikacin da ya biya yana iya rasa aikinsa ko da don amfanin ƙungiyar ya yi.

In an nemi wani abu a hannuna, me zan ce da Ingilishi? In kuma zan kai ƙara fa?

Jimla biyu nake sa ɗalibai su haddace, a faɗe su cikin ladabi, ba ɗaga murya. *Is this an official fee?* Wato kuɗin hukuma ne wannan? Sai *May I have a receipt, please?* Kuɗin hukuma na da rasit, na goro ba shi da shi. In an matsa, *I am not allowed to pay without a receipt* ta fi sauƙin fita a baki, tun da ba ta zargi kowa ba.

A takardar ƙara ku rubuta *he demanded a bribe*, ko *he solicited a bribe* in da dabara ya nema, ko *he extorted money from me* in irin labarin mai albasa ne. Hukumar yaƙi da rashawa ta Kamaru, wato CONAC, wadda aka kafa a 2006, tana karɓar ƙorafi da Faransanci da Ingilishi, kuma tana da layin kira kyauta, 1517. Kafin ku kira, ku rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da ƙarfe nawa, da adadin kuɗin da aka nema, da ainihin kalmomin da aka faɗa muku, ko da *tchoko* ne ko "na goro".